An ce hoto ya fito lafiya lau, amma har yanzu ɗingishi nake

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, ina da aure da yara biyu, sana'ata ɗinki. Wata takwas ke nan ƙafata ta dama tana ciwo. Daga gwiwa ya fara, sannan ya koma can saman cinya ta ciki, daidai inda kaluluwa ke fitowa. Zaman tahiya ya gagare ni, tsugunno sai da hawaye, yanzu har ɗingishi nake. An yi mini hoton gwiwa da na baya, an kuma yi na ƙugu sau ɗaya tun farkon ciwon, duk aka ce lafiya lau. Wani likita ya ce sanyi ne, wani ya ce jijiya ce ta danne a bayana. Akwai allurar da mai kemis ɗin unguwarmu ke yi mini, sai in samu sauƙin kwana huɗu ko biyar. Jinina SC ne, amma ban taɓa kwanciya irin ta masu sikila ba. Bayan na yaye ɗana na fari na sha maganin ƙiba kusan wata biyar, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Yanzu surukata ta ce son jiki ne, kawuna kuma ya ce ranar Asabar zai kai ni wurin mai ɗori ya ja ƙafar. Mai gidana ya ce zaɓi nawa ne. In je?

Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya.

Kada ki je. Ki kira Kawu tun yau, ki yi masa godiya, ki roƙe shi ya ɗaga tafiyar har sai likitan ƙashi ya duba kwatangwalonki. Mai ɗori aikinsa karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, ke kuwa ba ki faɗi ba, ba ki bugu ba. In abin da nake zato ne, jan ƙafar da murɗa ta zai iya rufta abin da har yanzu yake tsaye.

Ban gan ki ba, ban taɓa ƙafar ba, kuma ba a yanke wa mutum ciwo ta wasiƙa. Amma na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙashi, kuma abubuwa huɗu da kika lissafa sun sa na ajiye sauran wasiƙun na fara da taki: ciwo a wurin kaluluwa da ke sauka gwiwa, jinin SC (shi ma nau'in sikila ne), maganin ƙiba na wata biyar, da allurar da ke ba ki sauƙin 'yan kwanaki. Duk wanda ya haɗa waɗannan, wajibi ne a bincika ko kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa saboda jini ya daina isa gare shi. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, AVN. Ki rubuta su a takarda, za ki buƙace su.

Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle a samansa, girmansa kamar goriba, yana zaune cikin wani ƙoƙo a jikin kwatangwalo, yana juyawa a ciki duk sanda kika taka, kika zauna ko kika durƙusa. Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce ne. Ƙashi rayayye ne, yana ci yana sha ta hanyar jini, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo. Matsalar wannan kai ita ce hanyoyin jinin da ke ciyar da shi 'yan kaɗan ne, sirara, suna hawa ta jikin wuyan ƙashin, kuma in sun toshe babu wata babbar hanya ta gefe da za ta maye gurbinsu. Da jini ya yanke, wani yanki na cikin ƙashin ya mutu. Sai dai ba a ranar yake rushewa ba. Kin san yadda gara ke cin azara a soro: daga waje yaɓe sumul, ɗaki tsaf, a ciki kuwa an cinye. Ana kwana ana tashi a ƙarƙashinsa wata da watanni, sai ran da nauyi ya fi ƙarfinsa ya lotsa. Haka kan ƙashin nan yake. Guringuntsin da ya lulluɓe shi yana nan da santsinsa, siffarsa ba ta canza ba, amma abin da ke tallafe da shi daga ƙasa ya zama holoƙo. Kowane taku da kika yi, nauyin jikinki ne kacokan ke sauka a kansa.

Nan ne maganar hotonki ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna. Hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake kira eksire, siffar ƙashi da kaurinsa yake gani. A farkon wannan ciwo siffar ba ta taɓu ba, don haka hoton zai fito fes, mai karanta shi ya rubuta babu komai, kuma bai yi ƙarya ba. Yakan ɗauki watanni kafin alama ta bayyana a irin wannan hoto. Wasu likitoci biyu na birnin Tulus a Faransa, Ficat da Arlet, su ne tun shekarun 1960 suka kasa ciwon mataki huɗu, kuma har gobe ana amfani da rabon nasu. A mataki na 1 mutum yana jin ciwo amma eksire bai nuna komai ba. A na 2 an fara ganin dabbare-dabbare a cikin ƙashin, amma kan yana nan a mulmule. A na 3 ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi ya tsage, ana ganin wani siririn layi mai kama da jinjirin wata, kan ya fara lotsawa. A na 4 ƙoƙon ma ya lalace, ƙashi yana gogar ƙashi. Yawancin abin da za a iya yi don a ceto ƙashinki na asali, a mataki na 1 da na 2 ake yin sa. Wato lokacin da magani ya fi amfani shi ne daidai lokacin da eksire ya fi yaudara. Hoton ƙugun da aka yi miki wata takwas da suka wuce ba hujja ba ne a yau, kuma ko a ranar da aka yi shi bai isa ya wanke kwatangwalon ba.

Abin da ke ganin ciwon tun da wuri shi ne hoton MRI, na'urar da ake tura mutum cikinta a kwance tana ƙara. Ita ɓargo take gani, tana nuna iyakar wurin da ya mutu da girmansa, kuma a cikin masu wannan ciwo fiye da 90 cikin 100 tana kama shi tun kafin eksire ya ga komai. Ki nemi a yi na ɓangarorin biyu, dama da hagu, ko da hagun bai taɓa yi miki ciwo ba. In ba faɗuwa ko haɗari ne ya jawo ciwon ba, sau da yawa, har fiye da rabi, ɗaya ƙafar ma ta kamu, shiru kawai ta yi.

Na san za ki ce to me ya kai ciwon kwatangwalo gwiwa? Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga mahaɗar kwatangwalo su ne kuma ke bi ta gaban cinya da cikinta har gwiwa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa tantance daga ina ƙarar ta fito. Wannan ya ɓatar da mutane da yawa, har da ni. Ɗan yayata yana da sikila, yana shekara 19 ya fara kukan gwiwa. Ni da hannuna na riƙa shafa masa man zafi ina ɗaure gwiwar da bandeji, na kai shi wani asibiti aka yi hoton gwiwa aka ce babu komai, muka dawo gida da ƙwayoyi. Wata rana da azahar na ga yana saka safa, ya kasa ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, sai ya sunkuya ta baya yana lalube yana cije leɓe. A nan gabana ya faɗi, don na sha ganin masu ciwon kwatangwalo suna yin haka a ɗakin da nake aiki. Da aka yi hoton da ya dace, kan ƙashin ya riga ya lotse. Wata goma sha ɗaya muka yi muna jinyar gwiwar da lafiyarta ƙalau. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, shi ya sa ba na wasa da wasiƙa irin taki.

Game da wanda ya ce jijiya ce ta danne a baya: akwai irin wannan ciwo, kuma yana da yawa, amma hanyarsa daban. Shi daga ɗuwawu yake bi ta bayan cinya ya sauka sha-raɓa har tafin ƙafa, da sagewa ko jin kamar kiyashi na tafiya, kuma tari ko atishawa na tayar da shi. Naki ta gaba yake, a lungun cinya, taku da tsugunno da tanƙwashe ƙafa ne ke tayar da shi. Akwai gwajin da ba ya cin minti biyu. Ki kwanta rigingine, a ɗaga ƙafar a lanƙwasa gwiwa kamar kina zaune a kujera, a riƙe gwiwar wuri ɗaya, sannan a tura ƙafar waje a hankali. Wannan yana juya kan ƙashin zuwa ciki. In kwatangwalo ne, nan take za ki ji zafi a wurin kaluluwa, kuma ƙafar ba za ta tafi nisan da ɗayar ke tafiya ba. Ina so in tambaye ki: cikin waɗanda suka duba ki, akwai wanda ya kwantar da ke ya juya ƙafar haka? In babu, to ba a duba kwatangwalonki ba tukuna. Ba ina zargin kowa ba ne. Likitan da ke ganin layin mutane tun safe har la'asar, aka ce masa gwiwa, gwiwa zai duba. Amma kalmar "sanyi" ta zama buhun da muke zuba duk ciwon da ba a gano ba, mu da masu duba mu, kuma da an ce wa mace sanyi ne, bincike ya tsaya.

Kin ce SC ne ke, ba ki taɓa kwanciya ba. Gaskiya ne masu SC ba su cika shan wahalar tashin ciwo kamar masu SS ba, shi ya sa da yawa ba sa ma ɗaukar kansu masu sikila, ba sa zuwa asibitin jini, ba sa faɗa wa likita. Amma mutuwar kan ƙashin cinya da lalacewar jijiyoyin bayan ido suna cikin abubuwan da SC ya shahara da su. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna maƙalewa a waɗancan siraran hanyoyi, su toshe su ba tare da mutum ya kwanta ko sau ɗaya ba. A Najeriya, inda ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, bai kamata matashi mai SS ko SC ya yi wata guda yana kukan cinya ko gwiwa ba a duba kwatangwalonsa ba. Tunda na ambaci ido, in kin samu sarari ki je a duba miki shi ma.

Sai maganin ƙiba. Na gode da kika faɗa, kuma ba zan yi miki faɗa ba. Na san irin maganganun da ake jifan mace da su in ta rame bayan yaye, na san yadda ake tallar abin a gidajen biki. Yawancin haɗin da ake kira sha-ka-fashe akwai deksametazon ko firedinisolon a ciki, magunguna ne masu ƙarfi na rukunin sitiroid, waɗanda aka yi don asma mai tsanani da cututtukan garkuwar jiki. Ƙibar da suke kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, kuma suna tara kitse a cikin ɓargo da hanyoyin jini har matsi ya yi yawa jini ya kasa wucewa. A duniya, su da yawan shan giya ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo ga wanda bai yi haɗari ba. Lokacin annobar SARS a 2003, an ba marasa lafiya da yawa a Beijin da Hong Kong sitiroid mai yawa don a ceci ransu. Sun warke daga cutar huhun, amma bayan watanni aka fara ganin wasunsu da mutuwar ƙashin kwatangwalo. Abin lura a nan shi ne ciwon yakan fito ne bayan an daɗe da daina shan maganin, shi ya sa mai shi ba ya haɗa su. Ina kuma tsoron allurar kemis ɗin nan. Haɗin da aka saba yi wa mai ciwon gaɓoɓi shi ne deksa, wato deksametazon ɗin nan, da maganin kashe zafi daikulofinak. In shi ne, to ana kashe miki zafin da abin da ke ƙara rura ciwon, ke kuma kina samun ƙarfin taka ƙafar da ya kamata ta huta. Daikulofinak ɗin ma, yawan shansa yana taɓa ƙoda da ciki, ƙodar mai sikila kuwa dama lallaɓa ta ake yi. Ki koma wurinsa ya rubuta miki sunan allurar da sau nawa ya yi miki. Kada a ƙara yi. In kuma akwai ƙwayar sitiroid da har yanzu kike sha kullum, kada ki yanke ta rana ɗaya, domin jiki yakan daina sarrafa tasa in ya saba da ta waje, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Likita ne zai riƙa rage miki a hankali.

Wurin da za ki nufa shi ne inda akwai likitan tiyatar ƙashi. In kina kusa da Kano, akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In Zariya ta fi miki kusa, akwai asibitin koyarwa na Shika. In kin shiga, kada ki fara da gwiwa. Ki ɗora hannu a lungun cinyar ki ce: "Likita, nan ne ke ciwo wata takwas. Jinina SC ne, na sha maganin ƙiba wata biyar, ana yi mini allura a kemis. Ina tsoron AVN ne." Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. In kina jin nauyin faɗar maganin ƙibar a gaban mai gidanki, ki nemi ya ɗan ba ku wuri, amma likita dole ya ji. Ki tafi da tsofaffin hotunan duka da kwalayen magungunan. Wataƙila ya fara da sabon eksire, ɗaya ta gaba, ɗaya kina kwance kin buɗe cinyoyi kamar kwaɗo, don wannan kwanciyar ce ta fi nuna tsagewar nan mai kama da jinjirin wata. In ya nuna, an gane. In ya sake fitowa fes, ki tambaya da bakinki a rubuta miki MRI. Na san ba arha ba ne, kuma ba kowane gari ke da na'urar ba. Amma ki lissafa abin da ya tafi a allurai da hotunan gwiwa da baya da kuɗin mota cikin wata takwas, ki nuna wa mai gidanki. In da abin da ya cancanci a ɗauki adashi dominsa a bana, wannan hoton ne.

Kafin ranar, ki rage wa ƙafar nauyi. Ki nemi sandunan dogarawa guda biyu, ma'aikatan sashen gashin ƙashi da motsa gaɓa su gwada miki tsayinsu su koya miki tafiya da su. Na san mace mai shekara 29 ba ta son a gan ta da sanda a unguwa, amma 'yan makonni da sanda ba su kai shekaru da ɗingishi ba. Sandar ba ta warkar da ciwon, lokaci take saya miki. Ki sauke goyo, ki bar ɗaukar bokitin ruwa, ki daina hawa babur in da hali. In keken ɗinkinki na ƙafa ne, a sa masa mota ko ki ba yarinya ta riƙa takawa. A samo miki kujerar ba-haya mai rami a ɗora a kan masai don ki huta da tsugunno. Sallah kuma ki yi ta a kan kujera da zuciya ɗaya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa sahabinsa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune. Ki yawaita shan ruwa, musamman da zafin nan. In kuwa zazzaɓi ya zo tare da ciwon, ko wurin ya yi zafi ya kumbura, ko kika wayi gari ƙafar ta ƙi takuwa sam, kada ki jira ranar ganin likita, a kai ki sashen gaggawa a ranar. Masu sikila suna saurin kamuwa da ƙwayar cuta a ƙashi da mahaɗa, wannan kuwa a kwanaki yake ɓarna.

In bincike ya tabbatar, kada ki ɗauka an gama da ke. In kan bai lotsa ba, akwai aikin da ake huda ƙashin da siririn ƙarfe har wurin da ya mutu, don matsin ciki ya sauka sababbin hanyoyin jini su samu shiga, wani lokaci a cusa ɓargo ko ɗan ƙashin da aka ɗebo daga jikin mutum. Ba kowa yake yi wa aiki ba, ya fi nasara in wurin da ya mutu ƙarami ne. Ga masu sikila ma, wani ɗan ƙaramin gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2006 ya nuna waɗanda aka yi wa gashi da motsa gaɓa kaɗai sun samu sauƙi kusan daidai da waɗanda aka haɗa musu da hudawa. Don haka in aka tura ki sashen gashi, kada ki ga kamar an raina ciwon, ki riƙe ranakunki da muhimmanci. In kuma ya riga ya lotse, ana cire kan a sa na ƙarfe da sabon ƙoƙo, aikin da likita John Charnley ya daidaita a Ingila a farkon shekarun 1960, kuma ana yin sa a nan gida. Ɗan yayata shi aka yi masa, yau yana tafiya kasuwa da ƙafarsa. Sai dai fiye da rabin irin waɗannan mahaɗai ne kawai ke kai shekara 25, don haka wadda aka yi wa tana da shekarunki tana iya buƙatar a sake wata rana, ga tsada, ga shirin da mai sikila ke buƙata daga likitan jini kafin a shiga da shi tiyata. Shi ya sa nake ta gaggauta ki yanzu, tun ƙashin naki ne.

Surukarki kuma, kada ki yi musu da ita. Ciwon da ba ya kumbura, ba ya jini, hoto kuma ya ce babu, yana da wuyar gaskatawa ga wanda ba a jikinsa yake ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki roƙi mai gidanki ya raka ki, ya ji da kunnensa, shi zai fi iya yi wa Hajiya bayani. Ya kuma kamata ya san cewa barin miki zaɓi a irin wannan hali nauyi ne ya ɗora miki ke kaɗai, ki faɗa masa da taushin murya kina buƙatar ya tsaya tare da ke a gaban Kawu. In Kawu ya nace sai ya yi wani abu, ga abin yi: ranar Litinin ya zo da motar ya kai ki asibiti, ya riƙe miki layin kati. In sakamakon MRI ya fito, ki rubuto mini abin da aka rubuta a ƙasan takardar, da abin da aka ce game da ƙafar hagu.